Yadda Ake Koyar da Jita ga Mutum Takwas a Lokaci Guda

Kalli ɗakin nan da kyau. Kujeru takwas ne, an jera su kamar jinjirin wata, ta malam tana fuskantar su. Babu kujera mai hannu ko ɗaya, domin hannun kujera yana tokare jita, ɗalibi ya kasa ɗora ta a cinya. Da wannan jeri kowa yana ganin yatsun malam, shi ma yana ganin na kowa daga inda yake zaune.

Lokacin da na fara tara ɗalibai, mutum 14 na karɓa, ina ganin yawansu shi ne riba. Na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya ina gyara yatsu. Kafin in kai kan na biyar, na farko ya jingine jitarsa yana latsa waya. A mako na uku rabinsu ba su dawo ba, kuma laifina ne. Tun daga nan ba na wuce shida zuwa takwas, kuma ba na barin hannun kowa ya zauna banza.

Aikin yana farawa kafin ɗalibai su iso. Jita tana da tsirkiya shida, ga sunayen sautinsu daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Wajen ƙirga kuwa daga siririya ake farawa, mai kaurin ita ce ta shida. Jita takwas, tsirkiya 48 ke nan. Idan ka bari sai an zauna sannan ka fara saita su, kwata na lokacinka ya tafi. Ka zo da wuri, ka buɗe manhajar saita sauti a waya, ka tabbatar tana kan 440, wato lambar da aka saba saita sauti a kanta, ka bi su duka. Da hunturu sai ka ƙara kula, saboda bushewar iska tana taɓa katako, saitin ya riƙa zamewa. Kada kuma a bar jita cikin mota a rana. Ka ajiye tsirkiyoyi na ko-ta-kwana da abin yanke farce, domin mai dogon farce ba zai iya danna tsirkiya ta yi ƙara mai tsabta ba.

To, ga inda ajin yake tsayawa ko ya watse. Ɗalibanka ba za su taɓa zama daidai ba. Wani yau ya fara riƙe jita, wani ya shekara yana koyo a YouTube. Dabarar ita ce kiɗa ɗaya, amma kowa da rabonsa.

Duba hannuna. Wannan riƙon shi ake kira Em: yatsan tsakiya a tsirkiya ta biyar, na kusa da shi a ta huɗu, duka a gida na biyu na wuyan jita (gida shi ne tazarar da ke tsakanin 'yan ƙarafan da aka gitta a wuyan). Yanzu zan sauko da su tsirkiya ɗaya-ɗaya, in ɗora yatsan nuni a gida na farko kan tsirkiya ta biyu. Ya zama Am. Riƙo biyu ke nan, kuma sun ishi aji na farko.

Sababbin shiga ba sai sun danna komai ba. Su taɓa tsirkiya ta shida da babban yatsa lokacin Em, su koma ta biyar lokacin Am, domin waɗannan biyun su ne gindin sautin. Waɗanda suka ɗan iya su riƙe Em da Am suna kaɗawa. Wanda ya yi nisa ya riƙa zuba ɗan amo a kan siraran tsirkiyoyi. Wanda yatsunsa suka yi zafi ya ɗauki ƙwarya ya riƙe bugu, a hankali, kamar bugu 60 a minti. Wanda ya taɓa ganin masu jita a bikin aure a Agadas ya san wannan rabon aiki: ɗaya yana ja, ɗaya yana riƙe masa baya, mai ganga yana ɗaure su. Ka lura da fuskar yaron da ke can gefe. Tsirkiya biyu kawai yake taɓawa, amma yana jin sautinsa a cikin kiɗan, kuma wannan ne zai dawo da shi mako mai zuwa.

Zancen zafin yatsu, ka faɗa musu gaskiya tun ranar farko. Tsirkiyar ƙarfe tana cizo har sai kan yatsa ya yi kanta, abin da kan ɗauki 'yan makonni. Ta nailan ta fi sauƙi ga yara. Idan ka sami bahago, kada ka tilasta masa juya hannu. Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, da hagu yake kaɗa tasa. Ka zaunar da bahagon a ƙarshen jeri yadda wuyan jitarsa ba zai riƙa karo da na maƙwabcinsa ba.

Minti 90 ya isa, kuma bayan La'asar ya fi, a tashi kafin Magariba. A karɓi kuɗin mako huɗu gaba ɗaya, wanda ya biya ba ya wasa da zuwa. Yara kuwa, sai ka ga iyayensu ido da ido, ka gaya musu wuri da lokaci, ka bar ƙofa a buɗe ga duk wanda yake son ya zo ya zauna.

Minti goma na ƙarshe, kowa ya koma rabonsa, a kaɗa tare daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ko da an yi kuskure. Ka ɗauki sautin a waya ka tura musu ta WhatsApp da daddare, tare da aikin gida guda ɗaya: Em zuwa Am, minti goma kullum.