Taswira kafin ruwa ya sauka: lacca a kan shirin tarbar ambaliya a Damagaram

An rubuto wannan daga muryar da aka ɗauka a wata lacca da wani malamin ilimin ƙasa ya gabatar a Zinder, a gaban ɗalibai da masu unguwanni da ma'aikatan gari.

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamai, ɗalibai, barkanmu da war haka. Zafi ake yi, kuma na zo muku da zancen ambaliya. Da gangan ne. Aikin da zan yi magana a kansa da rani ake yin sa, in damina ta faɗi lokacinsa ya wuce.

Kowa a nan ya san abin da ya faru a daminar 2024. A faɗin Nijar mutum fiye da miliyan ɗaya ruwa ya shafa, sama da 300 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. A farkon watan Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. To amma garin da ruwansa na shekara bai cika wuce milimita 500 ba, yaya aka yi ruwa ke cin gidajensa?

Mu yi lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. In aka yi milimita 50 a dare ɗaya, eka babba ɗaya, wato mita 100 sau mita 100, ta karɓi lita 500,000. Tano mai lita 200 har guda 2,500 ke nan. Kuma Zinder a kan dutse take zaune, ga duwatsun nan muna gani a Birni. Ƙasar ba ta shan ruwa sosai, shi ya sa ma ruwan shanmu sai an jawo shi daga wajen gari, irin su Gogo da Machaya. Ruwan da ƙasa ba ta sha ba dole ya nemi gangare. Inda ya bi bara, can zai bi bana, sai dai in an tare masa hanya da gini, sa'annan ya shiga gidan maƙwabci.

Tunda yana da hanya, ana iya zana ta. Nan tsarin bayanan taswira na kwamfuta ya shigo, wanda ɗalibai suka sani da SIG. Ku ɗauka ledoji ne farare, masu nuna abin da ke ƙarƙashinsu. A kan ta farko an zana tudu da kwari na gari, ta biyu tafkuna da magudanan ruwa, ta uku gidaje, an bambanta na ƙasa da na siminti, ta huɗu makarantu da asibitoci da rijiyoyi. In ka ɗora su a kan juna, sai tambayoyi su fara samun amsa. Gidajen ƙasa nawa ne a cikin kwari? Wace makaranta ce a kan tudu da za a iya kai mutane cikinta? In ruwa ya yanke wannan hanya, ta ina motar ƴan kwana-kwana za ta shiga?

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Landan, wani likita John Snow ya riƙa sa alama a taswira a kan kowane gida da aka yi rasuwa. Alamomin suka taru kewaye da famfo ɗaya a titin Broad Street, famfon da aka cire wa hannu bisa shawararsa don a daina shan ruwansa. A zamaninmu kuwa, da girgizar ƙasa ta auka wa Haiti a Janairun 2010, ƴan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zauna da hotunan tauraron ɗan Adam suna zana titunan Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya zanawa a kai, masu ceto suka yi aiki da ita cikin ƴan kwanaki.

Kayan aiki ba su ne matsalarmu ba. Manhajar QGIS, wadda ake aikin SIG da ita, kyauta ce. Hotunan taurarin Sentinel na Turai kyauta ne, kuma Sentinel-1 da rada yake aiki, yana ganin inda ruwa ya kwanta ko da hadari ya rufe sama. Ga cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974 tana bin ruwan sama da amfanin gona a Sahel. Masu kiwo a wajen Tanout da Gouré ma suna da rabo, domin tauraro yana hango gobarar daji, ana iya sanin inda ya kamata a share hanyar tare wuta.

Sai dai ina so ɗalibai su saurara da kyau a nan, don na ga wasunku da sun sauko da hoto mai launi sai su ɗauka aiki ya ƙare. A hoton Sentinel-2, ɗigo ɗaya faɗin mita 10 ne. Ɗakin da tsohuwa ke kwana a ciki bai kai rabin haka ba. Bayanin tudu da kwari na kyauta da aka fi amfani da shi, ɗigonsa mita 30 ne, kuma tun shekarar 2000 aka auna. A lungunmu kuwa, kamu biyu na bambancin tsayi shi ke raba gidan da ya tsira da wanda ya faɗi. Tauraro ba zai gaya maka cewa magudanar nan ta cika da leda da yashi ba. Ba zai gaya maka an haƙa rami an yi tubali a bayan wancan gida ba, har ramin ya zama tafki da yara ke faɗawa.

Wa ya san waɗannan? Ga su nan zaune a sahun gaba. Mai unguwa ya san wane fili ne a da tafki ne kafin a cike shi da shara a sayar. Matan gida sun san ta wace kusurwa ruwa ke fara shigowa. Aikin ɗalibi shi ne ya ɗauki waya, ya buɗe takardar tambayoyi a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, ya bi dattijo lungu-lungu. In an nuna masa bango, ya duba da idonsa: inda ruwa ya tsaya yana barin zane, ƙasan ya yi duhu, yaɓen ya zube, wani lokaci har gishiri-gishiri ya fito fari. Ya sa ma'auni daga ƙasa zuwa zanen, ya rubuta santimita nawa, ya ɗauki hoto, ya adana wurin. Na'urar gano wuri ta waya tana iya kuskuren ƴan mitoci, don haka a rubuta har da abin da ke kusa, masallaci ne ko injin niƙa. Kuma a nemi izini kafin a shiga gidan mutane. Sunan mai gida da lambar wayarsa ba abin sa wa a taswirar da kowa zai gani ba ne.

Wani zai ce, to an zana, sai me? Gaskiyarsa. Taswirar da ke cikin kwamfutar malami ba ta ceton kowa. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi wuta kan ɗauke, intanet ya tafi. A buga ta a babbar takarda, da sunayen wurare yadda mutane ke kiransu, a ajiye ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin ƴan kwana-kwana, ɗaya a ofishin magajin gari. Rabon kayan agaji ma ya fi tafiya daidai in an riga an san gidajen da ke cikin haɗari, maimakon a jira wanda ya fi iya magana ya fara rubuta suna.

Abin da ya fi wuya shi ne ranar rabon filaye. Taswira za ta nuna ƙarara cewa wannan wuri hanyar ruwa ce, ga kuma mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru yana son inda zai sa iyalinsa. A ganina, gara a hana shi tun fili yana fili, a nuna masa wani a kan tudu, da a bar shi ya gina sa'annan a zo masa da tabarma da buhun shinkafa. Wannan hukunci ba na ɗalibi ba ne, na hukuma ne da sarakuna. Namu shi ne mu kai musu takardar tun kafin a kafa turakun iyaka.

Ɗaliban da ke son fita aikin unguwanni su tsaya bayan an tashi, za mu raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta tafi da mai unguwarta. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu.