Mai jiran shari'a ba shi da rana

Jama'a masu saurare, duk azumi da Sallah labarin ɗaya ne: gwamna ko wani attajiri ya biya wa fursunoni kuɗin tarar da kotu ta ci su, an jera su gaban kyamara, an ba su kuɗin mota. Allah ya saka da alheri. A Nuwamban 2023 ma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 don fitar da mutum 4,068. To amma su wa ake sallama? Waɗanda kotu ta riga ta yanke wa hukunci. Mai jiran shari'a ba ya cikin lissafi, alhali irinsa ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya.

Wanda aka ɗaure ya san ranarsa. Tun shigarsa ake duba takardar alƙali a lissafa masa. In ɗaurin ya wuce wata ɗaya, ana rage masa kashi ɗaya cikin uku muddin ya zauna lafiya, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce: mai shekara uku ya fita a biyu, mai shida a huɗu. In ya yi faɗa ko aka kama shi da waya, a zaftare masa kwanakin rangwamen. In da zaɓin tara, a biya a kotu a kawo takarda. Ga kuma afuwar gwamna a sashe na 212 na tsarin mulki, da ta shugaban ƙasa a sashe na 175.

Mai jiran shari'a kuwa ba shi da rana. 'Yan sanda su kai shi kotun majistare da tuhumar fashi ko kisa, sun kuwa san majistare ba ta da hurumin saurara. Alƙali ya ce a tsare shi sai lauyoyin Ma'aikatar Shari'a sun ba da shawara. Daga nan fayil ya kwanta. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. Ranar zama babu motar da za ta kai shi kotu. In an ba da beli, a ce sai ya kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili. Ina ɗan dako zai samo su? Rangwame ba ya hawa kansa, tara babu, afuwa babu, domin ba a yanke masa komai ba.

Kada wani ya ce doka ce babu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce umarnin tsarewa kwana 14 ne, ƙari sai da dalili, kuma ƙarin ma yana da iyaka. Kano da Kaduna sun yi tasu makamanciyarta. Sashe na 35 na tsarin mulki ya hana a tsare mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da laifin ke ɗauke da shi. Dokar 2015 ɗin ta wajabta wa shugaban gidajen yari ya aika wa alƙalin alƙalai, duk kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jira. Tun 1977 alƙalin alƙalai ke da ikon shiga gidan yari ya sallami wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Dokar gyaran hali ta 2019 ta ba kwanturolan gidajen yari na jiha damar ƙin karɓar sababbin mutane in gida ya cika aka ƙi ɗaukar mataki. Sau nawa kuka ji an yi amfani da ita?

Wasu za su ce so ake a sako mana ɓarayi. Haba jama'a! Wa ya tabbatar ɓarawo ne? In da shaida, a kai shi babbar kotu a ɗaure shi, shi ma ya san ranarsa. In babu, me yake yi a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano shekara uku?

Kwamishinonin shari'a su sa wa lauyoyinsu wa'adin fitar da shawara kan kowane fayil. Alƙalan alƙalai su mai da ziyarar gidan yari duk wata uku, su tafi da jerin sunayen nan a hannu, su kira mai gabatar da ƙara ya faɗi inda fayil yake. Masu biyan tara kuma su ware wani abu su ɗauki lauyoyin da za su bi wa masu jira shari'arsu.