Clay Cross: Kansiloli 11 da Suka Ƙi Ƙara Kuɗin Haya

Masu sauraro, sharhinmu na yau zai kai mu Clay Cross, wani ƙaramin gari a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, kusa da Chesterfield, mai mutane kimanin dubu 10. Garin ya samo asali ne daga aikin jirgin ƙasa. A 1837 injiniya George Stephenson yana haƙa ramin da layin dogo zai bi ta ƙarƙashin tudun wurin, sai ya ci karo da kwal da tama. Nan ya kafa kamfanin da daga baya aka sani da Clay Cross Company, ma'aikata suka yi ta kwarara, aka gina musu ƙananan gidaje a jere, yawancinsu ba wurin wanka, bayan gida kuma sai an fita waje.

Haka aka zauna fiye da shekara ɗari. A farkon shekarun 1960, lokacin da ake rufe ramukan haƙar kwal ɗaya bayan ɗaya, aikin yi yana ƙaranci, wasu matasa 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin gurguzu suka karɓe majalisar garin mai kujeru 11. Cikinsu akwai Dennis Skinner, mahaƙin kwal, wanda ya zama kansila a 1960, kafin ya tafi majalisar dokokin ƙasa a 1970 yana wakiltar Bolsover.

Abin lura shi ne yadda suka tafiyar da kuɗi, domin a nan ne siyasarsu take. Ƙaramar hukuma a wancan zamani hanyar samunta uku ce: harajin da ake sa wa gidaje da shaguna da masana'antu, tallafin gwamnatin tsakiya, sai kuɗin hayar gidajen hukuma. Kansilolin Clay Cross suka ɗauki matsaya cewa gida haƙƙi ne kamar makaranta da asibiti, don haka duk gari ne zai ɗauki nauyinsa. Suka riƙa ɗibar kuɗi daga asusun haraji suna cike giɓin asusun gidaje. Da wannan suka rushe tsofaffin unguwannin kamfani, suka gina sababbi, har gidajen hukuma suka kai wajen 1,400, kuɗin haya kuma bai kai fam 2 a mako ba. Suka ɗauki masu zagayawa suna duba tsofaffi a gidajensu. Da Margaret Thatcher, tana ministar ilimi, ta soke madarar kyauta ga 'yan firamare da suka haura shekara 7 a 1971, majalisar ta ƙara alawus ɗin shugabanta, shi kuma ya riƙa sayen madarar da kuɗin.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Masu shaguna da waɗanda suka mallaki gidajensu sun yi ta ƙorafin cewa da harajinsu ake sauƙaƙa wa wasu haya, kuma ƙorafin yana da tushe. Sai dai duk zaɓen da aka yi, da wannan manufa kansilolin suke fitowa fili, kuma su ake zaɓa.

A 1972 gwamnatin Edward Heath ta 'yan mazan jiya ta yi sabuwar dokar kuɗin gidaje. Dokar ta ƙwace wa ƙananan hukumomi ikon yanke kuɗin haya, ta ce a riƙa ɗaga shi har ya kai abin da ta kira haya mai adalci, farawa da ƙarin fam 1 a mako daga Oktoban shekarar, tare da rangwame ga marasa hali idan sun cike takarda sun bayyana abin da suke samu. A Clay Cross, fam 1 ya fi rabin abin da mutum yake biya a da. Majalisu da dama na Leba suka yi rantsuwar ba za su bi ba. Da wa'adi ya matso, sai suka riƙa janyewa, aka bar majalisar Clay Cross da majalisar Bedwas and Machen ta yankin Wales a fili.

Me ya sa suka janye? Saboda makamin da doka ta ba gwamnati aljihun kansila yake nufa kai tsaye. Akwai mai binciken kuɗi na gunduma. Idan ya ga hukuma ta yi asara ta hanyar saɓa doka da gangan, yana da ikon ɗora wa kansilolin da suka kaɗa ƙuri'ar biyan kuɗin daga dukiyarsu. Idan kuɗin ya haura fam 500, an haramta wa mutum riƙe kujera shekara 5. Bayan wannan, minista na iya dakatar da tallafi, ya kuma turo kwamishina ya karɓi ragamar gidajen. A Janairun 1973 mai binciken, Charles Lacey, ya lissafa hayar da ba a karɓa ba, ya ɗora wa kansilolin 11 fam 6,985, wato fam 635 a kan kowanne. Waɗannan mutane ma'aikata ne masu cin albashin mako, cikinsu har da David da Graham Skinner, 'yan'uwan Dennis.

Sun roƙi gwamnati tun farko ta turo kwamishinanta ya karɓi ƙarin da hannunsa. Gwamnati ta ja ƙafa har Oktoban 1973, bashi yana ta hauhawa a kansu, sannan ta turo Patrick Skillington. Da ya iso, majalisar ta ƙi ba shi ofis, ta hana ma'aikatanta taimaka masa, masu haya kuma suka ci gaba da biyan tsohon kuɗi. Dabarar ta yi aiki ne saboda ƙanƙantar garin: mai karɓar haya maƙwabcin mai biya ne, kansila kuma kowa ya san ƙofar gidansa. A babban birni da wuya a riƙe mutane haka wata da watanni.

A Janairun 1974 kotun ɗaukaka ƙara ƙarƙashin Lord Denning ta yi watsi da ƙararsu, suka sauka. Aka yi zaɓen cike gurbi a Maris, mutanen gari suka zaɓi wasu 'yan Leba masu irin matsayar a kujeru 10 cikin 11. Mulkin waɗannan bai wuce makonni ba, domin ranar 1 ga Afrilun 1974 garambawul ɗin ƙananan hukumomi ya shafe majalisar Clay Cross, aka haɗe ta cikin gundumar Arewa maso Gabashin Derbyshire. Shi ma wannan rauni ne da ƙaramar majalisa ba ta da maganinsa, tun da majalisar dokokin da ta ƙirƙire ta ita ke da ikon soke ta.

Inda abin ya fi ciwo, a ganinmu, shi ne halin da jam'iyyarsu ta nuna. Babban taron Leba na 1973 ya amince cewa idan ta hau mulki za ta ɗage musu hukunci. Harold Wilson ya dawo firaminista a 1974, gwamnatinsa ta soke dokar hayar a 1975, ta kuma yi dokar da ta kare ɗaruruwan kansilolin wasu garuruwa da suka makara wajen ƙara haya. Amma tarar Clay Cross ba a biya musu ba, batun ɗage haramcin kujera kuma ya faɗi a majalisar dokoki. Mai bincike ya sake dawowa kan ƙarin albashin da suka yi wa ma'aikatan hukuma da masu kula da tsofaffi a lokacin da gwamnati ta ƙayyade ƙarin albashi, jimillar bashin ta kai kusan fam dubu 63. A 1975 kotu ta ayyana su a matsayin waɗanda suka karye, aka bi abin da suka mallaka.

Masu hayar Clay Cross kuwa sun yi kimanin wata 18 ba su biya ƙarin ba. Ikon ɗora wa kansila asarar hukuma a aljihunsa ya ci gaba da aiki, an sake amfani da shi a kan kansilolin Lambeth da Liverpool a tsakiyar shekarun 1980, kuma sai da dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2000 aka yi tanadin soke shi a Ingila da Wales.