Jawabin Maraba ga Babban Jami'in Adana Takardun Tarihi a Ziyararsa Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, da wakilin Mai Martaba Sarkin Kabi, hakimai, malamai, iyayenmu maza da mata. Ranka ya daɗe, sannu da zuwa Argungu, sannu da hanya.

Gidan da muke zaune cikinsa Gidan Nabame ne. An gina shi a 1831, sarakunan Kabi suka zauna ciki har 1942, sannan a 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi na Kanta. Kaburburan sarakuna na nan ciki, shi ya sa ka ga dattawa na sassauta murya tun daga zaure.

Tarihin sarauta kam ba mu da fargaba a kansa. Kowane ɗan makaranta ya san Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi wajen 1515, ya zauna Surame. Ya san Birnin Kabi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawa suka tattaro nan, kuma zuwan Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu a 1934 ne ya binne tsohuwar gaba, ya haifar da bikin kamun kifi na gulbin Matan Fada. Ko takarda ta ɓace, maroƙan fada za su jero maka sarakuna ɗaya bayan ɗaya.

Talaka fa? Nan gizo ke saƙa. Masarautar nan ta haɗa Argungu da Augie da Arewa da Dandi: Kabawa, Arawa, Dandawa, Zabarmawa, Fulani. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Argungu mutum dubu 195 da 'yan kai, kuma tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba. Jaririn wancan lokaci yau wani magidanci ne. Ita ƙidaya ma adadi kawai take bayarwa, ba ta faɗin wa ya haifi wa.

Da can fuska ce takardar asali. Ka ga tsagen Bakabe, ka san gidansu tun kafin ya buɗe baki. Yanzu an daina tsaga, ba kuma kuka muke da hakan ba, sai dai ba a maye gurbinta da komai ba. A gidanmu abin da ya rage wata tsohuwar adaka ce: rasit ɗin haraji da na jangali, da wani shafi na ajami inda kakanmu ke rubuta haihuwa, "shekarar fara", "damanar da gulbi ya ci gari". Gara ta cinye rabin shafin. Wasu danginmu kuwa na Dogon Dutsi, iyakar Turawa ta bar su a Nijar, nasu sunayen an rubuta su da Faransanci.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumominmu, da ke ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, a ɗauko mana hotunansu a ajiye a wannan gida, don ɗalibi ya huta da kuɗin mota. Sannan a koya wa matasanmu naɗar muryoyin tsofaffi ƙauye-ƙauye, musamman tsofaffin mata, don su suka fi riƙe auratayya.

Dattawa uku sun zo daga Kangiwa da Kamba tun da hantsi, suna zaure suna jiran ka. In ka sha ruwa, sai mu fara da su.

Wassalamu alaikum.