"Quando torna?": yadda ake tambayar dawowar mutum a Italiya

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa.

Darasin yau gajere ne, amma rashinsa kan ci wa mutum yinin aiki guda. Ka je wurin likitanka ko ofishin Comune, wato ƙaramar hukuma, aka ce wanda kake nema ba ya nan. Sai ka ce "Quando torna?", a furuci "kwando torna", wato yaushe zai dawo. Namiji ne ko mace, kalmar ba ta canzawa. In lokacin agogo kake so, "A che ora torna?" ne. Wannan "che" ana kiranta "ke", ba da irin "c" ɗinmu ta "ci" ba.

Abokinka ko ɗanka, ka ce masa "Quando torni?" Maigidanka a wurin aiki kuwa, ko tsohuwar da kike kula da ita, "torna" za a ce musu, don ita ce ta girmamawa. Mutum biyu ko fiye, "tornate". Ma'aikacin da ya tafi hutu an fi tambayarsa da "Quando rientra?"

Tambayar ba ta da wuya, a amsar ake tuntuɓe. "Fra due ore" nan da awa biyu ke nan, "due ore fa" kuma awa biyu da suka wuce. Harafi ɗaya ya raba su, don haka ku lura da mazauni: "fra" tana gaba, "fa" tana baya. In kun ji "tra", ita ce dai "fra". Ofisoshi kuma har 24 suke ƙirga awa. "Alle quindici" ƙarfe 3 na rana ne, ba ranar 15 ga wata ba. In kunne bai kama ba, miƙa takarda ka ce "Me lo scrive, per favore?", a rubuta maka.

Takardar "Torno subito" a ƙofar shago cewa take yanzu zan dawo, sai dai yanzun mai shago kan kai rabin awa. "Chiuso per ferie", wato an rufe don hutu, ita ce babba: wajen hutun Ferragosto, 15 ga Agusta, kana iya jin "a settembre", wato sai Satumba. Mai neman takardar likita ko ta akanta, ya nema tun Yuli.

In mutumin ya dawo, barka da dawowarsu "bentornato" ce ga namiji, "bentornata" ga mace. To, kowa ya juya ga na kusa da shi, mu gwada.