Taswirar ambaliyar da ke yawo a WhatsApp: ga inda ake kuskuren fahimta

Assalamu alaikum 'yan uwa na Mai Wurno, Sinja, Sannar har zuwa Madani a ƙasar Sudan. Tunda damina ta kama ake ta tura taswirorin nan a guruf-guruf, kowa na zumin yana neman rufin gidansu, to ku tsaya mu duba tare.

Wannan zaren da ya ratsa tsakiya shi ne Nilul Azrak, daga tafkin Tana na Habasha ya taso, ya bi ta Rusairis, ya wuce Sannar, ya haɗu da farin Nilu a Khartum. Shi ya sa za ka ga ko ɗigo bai sauka a garinku ba amma kogi na cika, ruwan duwatsun Habasha ne. Shuɗi mai duhu wurin da ruwa ke zurfi, mai haske kuma inda yake malala. Wannan kowa ya gane.

To ga inda ake tafka kuskuren, ku kalli ɗan rubutun nan na ƙasa: ambaliyar sau ɗaya a shekara 100. Wallahi na ji dattijo da bakinsa yana cewa ai mun riga mun ga tamu a 2020, sai kuma jikokin jikoki. A'a Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ba haka lissafin yake ba.

Ku duba kwanon nan. Wake 100 ne a ciki, 99 fari, ɗaya baƙi, baƙin shi ne ambaliyar. Kowace damina ana rufe ido a ɗebi ƙwara ɗaya, sannan, nan ne wurin, a MAYAR da ita cikin kwano a girgiza. Ko bara ka ciro baƙin, bana yana nan ciki bai je ko'ina ba, yana iya fitowa shekara biyu a jere. Wato kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, kuma in ka zauna a gidan nan shekara 30 yiwuwar ka ga irin wannan ambaliyar aƙalla sau ɗaya ta haura zuwa wajen kashi 26, kusan ɗaya cikin huɗu kenan, ni dai a ganina wannan adadin ya kamata masu zana taswira su riƙa rubutawa ɓaro-ɓaro, da Larabci da Hausa, don shi ne ke sa mutum ya sake shawara kafin ya zuba bulo a bakin gaɓa.

Kuma kogin da kansa shaida ne. 1946, 1988, sai 2020 da ma'aunin ruwan kogi a Khartum ya haura mita 17 da rabi, sama da mutum 100 suka rasu, aka ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Allah ya jiƙansu. Ina shekara 100 a tsakani?

Wani abu da sauri: farin wuri a taswira ba ya nufin ka tsira, yawanci kogi kaɗai aka lissafa, banda kwari da ruwan sama mai kwanciya a lungu ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna.

In an kawo taswira unguwarku, ku nemi a kafa ta a ƙofar masallaci, a sa alamar makaranta da kasuwa da hanyar hawa tudu, kuma a shafa fenti a jikin fal ɗin wuta daidai inda ruwan 2020 ya tsaya, don Inna da ba ta karatun boko ita ma ta gani da idonta.