Gidan Ministan Yaƙin Birtaniya Ya Koma Otal

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a tsakiyar Landan nake, kan titin Whitehall, inda ma'aikatun gwamnatin Birtaniya suka jeru tun daga dandalin Trafalgar har zuwa majalisa. Bari in juya muku kyamara. Kun ga farin ginin nan mai ƙubbobi a kusurwoyinsa? Yau otal ne, Raffles, an buɗe shi a 2023, kuma kwanan cikinsa ba na irinmu ba ne. Amma daga 1906 zuwa 1964 nan ne Ofishin Yaƙi. Ɗakunansa sun haura 1,000, barandun ciki kuwa in aka haɗa tsawonsu sun kai kusan kilomita 4. Mai gidan shi ne Sakataren Yaƙi, wato ministan da ke kula da sojan ƙasa kaɗai. Sojan ruwa gidansu daban, ga shi can tsallake.

Kafin in yi nisa, ku dubi mutumin nan na tagulla a kan doki, a tsakiyar titi. Sunansa George, mai sarautar Duke na Cambridge, ɗan baffan Sarauniya Victoria. Shi ne babban kwamandan soja daga 1856 zuwa 1895, shekara 39 cur. Ku riƙe shi a rai, domin rabin labarin kujerar nan kokawa ce tsakanin irinsa da ɗan siyasa mai kwat da takarda a hannu, kan wa ke da ta cewa a kan soja.

Turawan nan sun taɓa ɗanɗana mulkin bindiga. A 1653 Oliver Cromwell ya shiga majalisa da sojoji ya kori kowa. Abin bai bar zukatansu ba, shi ya sa a 1689 suka rubuta a doka cewa haramun ne a ajiye rundunar dindindin lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisa. Har gobe kuwa duk shekara biyar sai majalisa ta sake yin dokar soja. To amma doka a takarda daban, wanda zai tsaya a kanta daban. Sai a 1794, ana tsakiyar yaƙi da Faransa, Firaminista William Pitt ya ƙirƙiro kujerar ya ba abokinsa Henry Dundas. A 1801 aka ɗora mata kula da ƙasashen da suka mallaka, mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar kayan biyu, har sojan ya zama kamar aikin gefe.

Yaƙin Kirimiya da Rasha, wanda suka shiga a 1854, shi ya tona asiri. Ku ji yadda aka raba soja ɗaya: abinci da sufuri suna hannun baitulmali, igwa da harsashi suna hannun wata hukuma, lissafin kuɗi yana hannun wani sakatare na daban, horo da ƙarin girma suna hannun kwamanda. Kowa da sarautarsa, ba mai jin maganar wani. Kaya suka ruɓe a bakin ruwa sojoji na mutuwa da sanyi a kan tudu, kuma waɗanda kwalara da zazzaɓi suka kashe sun fi waɗanda harsashi ya kashe nesa ba kusa ba. A nan ne aka tura Florence Nightingale jinya. A 1854 ɗin aka cire harkar mulkin mallaka daga kujerar, a 1855 kuma aka fara tattaro warwatsattsun ofisoshin nan ƙarƙashinta.

Ni dai a wurina gwarzon labarin shi ne Edward Cardwell, wanda ya riƙe kujerar daga 1868 zuwa 1874. Lauya ne, bai taɓa zama soja ba. Ya tarar ana sayen muƙamin hafsa da kuɗi. Eh, saye, da farashi a rubuce. Kana son zama kyaftin a rundunar ƙasa ko ta dawaki, ka biya. Kana son kanar, ka ƙara, har da na bayan fage. Ana cewa Lord Cardigan, wanda ya ja mahaya dawaki zuwa bakin igwa a Balaclava lokacin yaƙin Kirimiya, ya zuba kusan fam 40,000 don ya samu rundunarsa. In hafsa zai yi ritaya sai ya sayar wa na baya, kuɗin ya zama fanshonsa. Kun ga duk wanda ya taɓa wannan tsari ya taɓa aljihun manya. Cardwell ya kai ƙuduri, majalisar masu sarauta ta taka masa birki, sai gwamnatin Firaminista Gladstone ta zagaya ta sa Sarauniya ta soke cinikin da takardar umarni a 1871. An biya hafsoshi diyya, aka rufe kasuwar. Shi ne kuma ya hana bulala a lokacin zaman lafiya, ya rage shekarun aikin kurtu don a samu na ko-ta-kwana a gida.

Sai mai dokin nan. Dokar 1870 ta sa kwamanda a ƙarƙashin minista, aka ce ya tattara ya bar Horse Guards, wancan ginin da 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto da masu gadi, ya koma inda minista yake a Pall Mall. Ya koma, amma ransa bai so ba, kuma ya ƙara shekara fiye da 20 yana jan ƙafa a kan kusan kowane gyara. Sai bayan yaƙin Afirka ta Kudu ya sake kunyata su aka soke kujerar kwamanda baki ɗaya a 1904, aka kafa majalisar soja, minista ne shugabanta. Ku lissafa, daga 1794 zuwa 1904. Shekara 110 kafin farar hula ya zauna daram a sama.

Bari in matsa gefe, bas na zuwa.

Wani zai ce ina ruwanmu. Akwai, amma ba ta inda kuke zato ba. Sojojin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba daga wannan ofis ake juya su ba. Rundunar da Lugard ya kafa a Afirka ta Yamma tana ƙarƙashin Ofishin Mulkin Mallaka ne, sai dai hafsoshinta aro ne daga sojan Birtaniya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya taso ne Ofishin Yaƙi ya karɓe ta, aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 aka kai su Bama su kara da Japan. Duk wanda kakansa ya je Bama, to takardun da suka kai shi ta hannun mutanen ginin nan suka bi. Sai a 1958 aka miƙa sojan Najeriya ga gwamnatin ƙasar.

A cikin ginin kansa manya sun zauna. Richard Haldane, wani lauyan, shi ya tsara rundunar da aka tsallaka da ita Faransa a 1914. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai tsoro ya sa suka karya al'adarsu, suka ɗauko soja mai kaki, Kitchener, wanda ya ci Omdurman ta Sudan a 1898, suka ba shi kujerar farar hula. Ya iya tara mutane, fuskarsa ce a takardar neman kurata mai nuna ka da yatsa. Amma zama da 'yan siyasa ya gagare shi, ba ya son gaya musu komai, da aka yi ƙarancin harsashin igwa a 1915 sai aka zare harkar makamai daga hannunsa aka ba wani minista, Lloyd George. Ranar 5 ga Yuni 1916 jirgin ruwan da ke kai shi Rasha ya taka nakiya kusa da tsibiran Orkney, ba a ga gawarsa ba. Churchill, wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa a Omdurman yana ƙaramin hafsa, ya hau kujerar a 1919.

Daga 1946 kujerar ta fara shiga inuwa. Yaƙi ya nuna musu ba zai yiwu ƙasa da ruwa da sama kowa ya ja nasa ba, aka naɗa ministan tsaro a kansu, Sakataren Yaƙi ya fita daga majalisar ministoci. Abin takaici, sunan da mutanen nan suka fi tunawa daga ƙarshen shi ne John Profumo. Ya yi hulɗa da wata budurwa, Christine Keeler, wadda ke da alaƙa da wani jami'in sojan ruwan Tarayyar Sobiyet a ofishin jakadancinsu. A Maris 1963 ya tsaya gaban majalisa ya musanta. Ƙaryar ce ta cinye shi, fiye da aikin kansa, a watan Yuni ya ajiye muƙami. Abin da ya burge ni da shi, bai nemi dawowa ba. Ya tafi Toynbee Hall, gidan taimakon talakawa a gabashin Landan, ya yi shekara kusan 40 yana aikin sa kai.

Bayansa mutum biyu kawai suka taɓa kujerar. James Ramsden ne na ƙarshe. Ranar 1 ga Afrilu 1964 aka narkar da ofisoshin ƙasa da ruwa da sama cikin Ma'aikatar Tsaro guda, ga ta can a tsallaken wannan ƙaramin titi, ƙaton gini mai koren rufi. Ba zan matsa da kyamara kusa da ƙofarsu ba, nan ma ya isa. Masu kakanni 'yan Bama, ku rubuto mini abin da suka ba ku labari. Sai mun haɗu a na gaba, in Allah ya kai mu.